"Easy to please" da "eager to please": wa ke faranta wa wa?

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masu nahawun Turanci. A wata takardar gwaji an kawo jimloli biyu, *He is easy to please* da *He is eager to please*, aka ce a faɗi wanda ke faranta rai a kowacce. Ni dai a idona ginin ɗaya ne: *he*, *is*, sifa, sai *to please*. Amma amsar da ke bayan takardar ta ce a ta farko shi ake faranta wa, a ta biyu kuma shi ke ɗokin faranta wa wasu. To ta ina mutum zai gane? Ko akwai wata alama da ba na gani ne?

Nura: Wa alaikumus salam. Alamar ita ce haka Bature ya ga dama. Ki haddace kawai ki wuce.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Nura, kada ka kashe mata gwiwa, abin yana da ƙa'ida. Rukayya, a fuskar jimlar ba za ki ga alama ba, gaskiyarki. Bambancin yana cikin sifar kanta. Amma akwai gwajin da ke tona shi nan take. Ki cire *he* daga farko, ki sa *it*, ki mayar da mutumin ƙarshen jimla. Ta farko za ta koma *It is easy to please him*, ma'ana ba ta motsa ba ko kaɗan. Ta biyu kuwa za ta koma *It is eager to please him*, wadda ta tashi daga maganar da muke yi, ta koma wani abu ne can yake ɗokin faranta masa. Duk sifar da ta yarda da wannan juyin, to wanda aka ambata a farkon jimla karɓau ne, a kansa aikin ke faɗawa. Wadda ta ƙi, to shi ne aikau.

Masu yarda da juyin ba su da yawa, kuma duk jirgi ɗaya ya ɗauko su: *easy, hard, difficult, tough, impossible, dangerous, pleasant, interesting, boring*. Idan kin lura, ba halin mutumin suke siffantawa ba, aikin suke siffantawa. Faranta masa ne ke da sauƙi. Su kuwa *eager, willing, reluctant, keen, determined* abin da ke cikin zuciyar mutumin suke faɗa.

Rukayya: Allah Ya saka da alheri, Malam. Na gwada da *This road is dangerous to cross*, ta ba ni *It is dangerous to cross this road*. Ta zauna daidai.

Malama Hauwa: Bari in ƙara a kan na Malam. Ai mu ma muna da wannan ginin, ba mu dai lura da shi ne. In ka ce "motar nan tana da sauƙin tuƙi", ba motar ke tuƙi ba, ita ake tuƙawa. In ka ce "mutumin nan yana da daɗin zama", da shi ake zaman. Amma in ka ce "yaron nan yana da saurin fahimta", shi ke fahimtar. Siga ɗaya, kuma ba Bahaushen da zai rikice. Inda ake faɗawa rami shi ne wajen irin su "tana da saurin mantuwa". Ɗalibi sai ya rubuta *She is easy to forget*, yana nufin ba ta riƙe abu a ka. Alhali abin da ya faɗa shi ne mutane ba sa wahalar mantawa da ita, wanda kusan zagi ne. Abin da yake nema shi ne *She forgets easily*, ko *She is quick to forget*, don *quick* da *slow* suna cikin masu barin mutum a matsayin aikau.

Ɗan'uwan wannan kuskuren, wanda na fi gani a rubutun ɗalibai, shi ne *I am difficult to understand English*. Mai rubutun yana so ya ce Turanci na ba shi wuya. To da zarar ya ce *I am difficult to understand* ya riga ya ce shi ne ba a gane masa, sai kuma *English* ta zo ta tsaya ba ta da mazauni. Daidai shi ne *It is difficult for me to understand English*, ko *I find it difficult to understand English*.

Sadiq: Ni fa da girmamawa, Malam da Malama, wannan hanyar ita ke sa mutane tsoron Turanci. Mutum yana tsakiyar magana, zai tsaya ya cire *he* ya sa *it* ya ga ko ta zauna? Kafin ya gama wanda yake magana da shi ya tafi. Ɗan Ingila bai san wani aikau da karɓau ba, kuma ba ya kuskure. A yi ta sauraro, a yi ta karatu, kunne zai saba da kansa.

Malama Hauwa: Sadiq, wannan "ba ya kuskure" ɗin akwai magana a kai. Jimloli biyun da Rukayya ta kawo ba daga sama suka faɗo ba, sanannun misalai ne a ilimin harshe, Noam Chomsky ne ya shahara da su a shekarun 1960, yana nuna cewa jimloli biyu za su iya kama da juna a sama alhali gininsu na ƙasa daban. Matarsa Carol Chomsky kuma ta gwada abin a kan yara masu Turanci a matsayin harshen uwa, 'yan shekara 5 zuwa 10, ta wallafa a 1969. Ta ajiye 'yar tsana a gabansu an ɗaure mata ido da ƙyalle, ta tambaye su: *Is this doll easy to see or hard to see?* Da yawa daga ƙananan suka ce *hard to see*. Da aka ce to su mai da ita *easy to see*, sai suka kwance mata ƙyallen. Wato sun ɗauka 'yar tsanar ce mai ganin, daidai kuskuren da ɗalibanmu ke yi. Yaran da aka haifa cikin harshen ke nan, suna jin sa safe da yamma.

Sadiq: To ai hujjata kika kawo, Malama. Daga baya sun gane, kuma ba wanda ya zaunar da su ya koya musu juyin *it*. Sannan ni a ganina ƙyallen nan tarko ne. Ka ɗaure wa abu ido ka tambayi yaro maganar gani, ai dole hankalinsa ya tafi can.

Malama Hauwa: Wannan sukar an yi ta tun a lokacin, ba ka yi kuskure ba. Wani mai bincike, Richard Cromer, ya sake gwajin ta wata hanya a 1970, da 'yan tsana biyu na sa wa a hannu, kyarkeci da agwagwa, ana ce wa yaro ya nuna wa ke cizon wa a jimloli masu *easy to bite* da irin su *happy to bite*. Ba ƙyalle, amma ƙananan yara suka ci gaba da ɗaukar wanda aka fara ambata a matsayin mai cizon. Batun cewa sun gane da kansu kuwa, haka ne, amma bayan shekara nawa? Babba mai koyon harshe na biyu, wanda wataƙila awa ɗaya yake samu a rana, me zai sa ya jira kunnensa shekara da shekaru a kan abin da za a nuna masa cikin minti biyar? Gwajin *it* ɗin ba na tsakiyar hira ba ne. Na lokacin da kake rubutu ne, ko kake duba abin da ka rubuta.

Nura: Ni dai tausayin agwagwar nake ji.

Ummi: Don Allah kafin a yi nisa. Malaminmu ya ja jan layi a ƙarƙashin *it* a wannan jimlar ta wata ƙawata: *This bag is too heavy to carry it*. Mun duba mun duba ba mu ga laifinta ba. Ba dole *carry* ta samu abin da ake ɗauka ba?

Malam Habibu: Ta riga ta samu, Ummi. Jakar da ke farkon jimla ita ce abin ɗaukar, shi ya sa ake barin gurbin bayan *carry* fanko. *This bag is too heavy to carry*. Haka *This book is easy to read*, ba a cewa *easy to read it*. Harshenmu ne ke jawo wannan, don mu cewa muke "ta yi nauyin da ba zan iya ɗaukarta ba", dole wakilin sunan ya fito. Turanci a nan ba ya son maimaici. Sai dai a san wani abu: idan aka ambaci mai ɗaukar da *for*, ana jin duka biyun, *too heavy for me to carry* da *too heavy for me to carry it*, ko da yake ta farkon ta fi tsafta. Wannan sassaucin na *too* da *enough* ne kawai. Da *easy* ko *hard* babu shi ko an sa *for*.

Kuma gurbin nan fanko ba wasa ba ne, ma'ana na rataye a kansa. Ku duba waɗannan biyun. *He is too angry to talk*: fushi ya hana shi magana. *He is too angry to talk to*: fushinsa ya hana a yi masa magana. Ƙaramar *to* ɗin ƙarshe ita kaɗai ta juya mai aikin. Ɗalibai sukan ji kamar jimlar ba ta ƙare ba, sai su goge ta, ko su ƙara *him*. A bar ta yadda take. *She is easy to work with. This chair is comfortable to sit on. He is hard to live with.* Duk lafiyayyun jimloli ne.

Ummi: Ikon Allah. Ni da na ga irin wannan *with* ɗin a ƙarshe sai in ɗauka mai bugawa ne ya manta kalma.

Abba: Tunda an taɓo *too*, ni ma ga tawa. Ana yawan rubuta mini *I am too happy to see you*. Daidai ne?

Malama Hauwa: A nahawu ba ta karye ba, amma ba abin da mai rubutun ke nufi ta faɗa ba. *Too* tare da *to* hani take ɗauke da shi: abu ya wuce kima har ya hana wani abu faruwa. *Too young to drive*, bai kai tuƙi ba. *Too tired to read*, gajiya ta hana karatu. Saboda haka waccan jimlar, in aka bi ta sau da ƙafa, murna ce ta yi masa yawa har ba zai iya ganinka ba. *Very happy* ko *so happy* yake nema. Wani abin da ke ƙara rikita mutane shi ne akwai *only too happy to help*, wadda ita kam "da gudu ma zan taimaka" take nufi. Amma *only* ɗin ce ta sauya ta, kuma a dunƙule ake haddace ta.

Kishiyar *too* ita ce *enough*, ita kuma bayan sifa take zama: *old enough to drive*, ba *enough old* ba.

Rukayya: Malam, na koma kan gwajin *it* na ci karo da wadda ta rikita ni. *You were kind to help me*. Na juya ta, sai na ga ana cewa *It was kind of you to help me*. Ta karɓi *it*, amma kuma *you* ɗin shi ne mai taimakon. Ke nan gwajin ya faɗi?

Malam Habibu: Madalla da wannan lura. Bai faɗi ba, ki duba inda mutumin ya sauka. A *easy*, bayan aikatau ya koma: *to please him*. A nan kuwa bai je bayan *help* ba, *me* na nan a gurbinta, shi ya tsaya kusa da sifar da *of*. Wannan wani gida ne daban, na sifofin da ake yanke wa mutum hukunci da su a kan abin da ya aikata: *kind, nice, clever, silly, foolish, rude, careless, brave, wrong*. Sifar ta hau kan mutumin da aikin gaba ɗaya. Ya kyauta, kuma abin da ya yi kyautatawa ne.

Nan ne maganar *of* da *for* ke shigowa. In za ki iya ɗaukar sifar ki ɗora wa mutumin kai tsaye, *of* ce. *It was rude of him to shout*, don *he was rude*. In ba za ki iya ba, *for* ce. *It was hard for him to shout*, ba ya nufin *he was hard*. Akwai ma inda sifa ɗaya ke karɓar duka biyun da ma'ana biyu. *It is good of you to walk with me*, ka kyauta da ka taka mini. *It is good for you to walk*, tafiyar ƙasa za ta amfane ka.

Sadiq: Yanzu gidaje nawa muka samu? Na *easy*, na *eager*, na *kind*, na *too*. Ku ci gaba, kafin dare za a kai goma. Abin da nake faɗa ke nan.

Malam Habibu: Ba za a kai ba. Saura biyu da na san ɗalibi na buƙata. Na farko mai sauƙi ne, na abin da mutum ya ji a ransa saboda wani abu da ya gani ko ya ji: *glad to see you, sorry to hear that, surprised to find him there, pleased to meet you*. Kowa ya iya waɗannan tun kafin ya san suna da suna. Abin lura ɗaya shi ne lokaci. *Sorry to disturb you* kana cikin damun mutum ko za ka fara, *sorry to have disturbed you* ka riga ka gama.

Na biyun shi ne mai ɗan santsi: *likely, unlikely, sure, certain, bound*. A *She is sure to pass*, wa ke da tabbacin?

Ummi: Ita mana.

Malam Habibu: A'a, mai maganar ne. Ni nake da tabbacin za ta ci, ita wataƙila tana can hankalinta a tashe. In ana so a ce ita ke da tabbaci, sai a ce *She is sure of passing*, ko *She is sure that she will pass*, kuma wannan ba ya hana ta faɗuwa. Ana kawo irin wannan a jarrabawa sosai, don an san ido zai ce ɗaya ne.

Abba: Kamar *afraid to* da *afraid of* ke nan?

Malama Hauwa: Sun yi kama amma ba rabon ɗaya ba ne. A duka biyun mutumin ne mai tsoron. *Afraid to jump*, abu ne da zai yi da ganganci, tsoro ya hana shi. *Afraid of falling*, abu ne da zai iya samunsa ba da sonsa ba. Shi ya sa za ka ji *I was afraid to climb because I was afraid of falling*. A wurare da yawa *afraid of* na iya shiga gurbin *afraid to*, amma ba ka cewa *afraid to fall* in kana nufin tsautsayi.

Kuma kada a tashi daga nan a ɗauka kowace sifa na karɓar *to*. *Busy* ba ta karɓa, *busy writing* ake cewa. *Worth* haka, *worth reading*. *Capable of doing*, alhali 'yar'uwarta *able* sai da *to*. *Good at drawing* in ana maganar gwaninta.

Sadiq: Yauwa! Nan nake jiranku. *Able to* amma *capable of*, ma'ana kusan ɗaya. Wace ƙa'ida ce ta raba su? Ga wata ma: ana cewa *He is impossible to convince*. Malam, a ce mini *He is possible to convince* in ji.

Malam Habibu: Ba a cewa, ko a ce kunnen masu harshen ba ya karɓarta, sai dai *It is possible to convince him*. Haka *He is likely to come* daidai ce, *He is probable to come* ba a yi, alhali *It is probable that he will come* lafiya lau. Waɗannan ba hankali ke ba da su ba, haddace su ake, kuma a nan sauraro da karatun da kake faɗa su ne magani. Amma ka lura da girman abin da ya rage na haddar: 'yan kalmomi ne, ba dukan babin ba. Shawarar da nake ba ɗalibai ita ce, in ka duba sifa a ƙamus na masu koyo, kada ka tsaya a ma'ana, ka duba misalan da ke ƙasa ka ga me ke biyo ta. Ka rubuta ta da jelarta: ba *capable* kaɗai ba, *capable of doing*.

Sadiq: To mun raba, rabi naku rabi nawa. Amma har yanzu ina nan a kan cewa wanda ya karanta littafi goma zai fi wanda ya haddace gida shida.

Malama Hauwa: Ba wanda ya hana shi haɗa biyun.

Rukayya: Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Ga guda huɗu na yi, a duba mini. *My brother is hard to wake up in the morning. It was careless of me to leave the door open. The box is light enough for a child to lift. Be careful to not break the glass.*

Malam Habibu: Ukun farko ba abin taɓawa, kuma ta farkon ta nuna kin kama abin, don ƙanen naki ake tasa, ba shi ke tashin kowa ba. Ta huɗun za a fahimce ki, masu harshen ma suna faɗin haka a hira, amma a rubutu, musamman na jarrabawa, ki sa *not* kafin *to*: *Be careful not to break the glass*.

Nura: Ni kuma a duba mini wannan: *Nura is ready to teach*.

Malama Hauwa: Ka zaɓo mai baki biyu. *Ready* tana cikin 'yan kaɗan da ke aiki ta kowane ɓangare: *The driver is ready to go*, shi zai tafi, *The letter is ready to sign*, ita za a sa wa hannu. Taka a yadda take, kowa zai ɗauka kai za ka koyar. In kuwa kai ne za a koyar, wanda shi na fi zato, gara ka fito fili ka ce *Nura is ready to be taught*.